Babi na Biyar: Amana Biyu a Hannu Ɗaya

Daga 2016 zuwa 2020, duk ɗalibin sakandare a Lafiya da ya ɗauki adabin Turanci a jarrabawar WAEC sai da ya sha fama da *Othello*, wasan da Shekspiya ya rubuta wajen shekarar 1603. Labarin ba shi da tsawo idan aka tsame shi daga tsohon Turancinsa. Otelo baƙar fata ne, barden yaƙi mai jagorantar rundunar birnin Benis. Ya auri Desdemona, 'yar wani babban ɗan majalisa, ba da yardar ubanta ba. Iyago, mai riƙe masa tuta, wanda ke ganin an tsallake shi an ba Kasiyo muƙamin da ya cancanta, ya yi ta hura masa wuta a kunne har ya gaskata cewa matarsa na bin wani, ya shaƙe ta a kan gadonta, da gaskiya ta yi halinta kuma ya kashe kansa. Idan aka tambayi mai karatu darasin da ke ciki, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce a guji annamimi, a guji mugun aboki. Amsar ba laifi, sai dai tana da arha. Tana tattara dukan sharrin ta jibga wa mutum guda wanda kowa zai iya nunawa da yatsa, mai kallo ya tashi ya karkaɗe rigarsa yana jin shi dai ba ya cikin lissafi. A ganina, abin da ya sa manyan wasannin ban tausayi suka yi ƙarko tun daga zamanin Girkawa shi ne, maci amanar da ke cikinsu yawanci mutum ne da aka damƙa wa amana biyu a hannu ɗaya, ba yadda zai riƙe ɗaya sai ya saki ɗaya, wadda ya saki ɗin kuma ta wanda ya fi kusa da shi ce.

Tun wajen shekara 335 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristotal ya lura, a ɗan littafinsa kan fasahar waƙa da wasa, cewa wasan ban tausayi a cikin gida yake samun ƙarfinsa. Ya ce idan maƙiyi ya kashe maƙiyinsa, ko baƙo ya kashe wanda bai sani ba, mai kallo ba ya jin komai in ban da ɗan tausayin ganin jini. Amma idan wa ya kashe ƙane, ko ɗa ya kashe uba, ko uwa ta kashe ɗanta, to wannan ne abin da marubuci zai nema. Har ya ƙara da cewa mafi kyawun wasannin zamaninsa duk a kan 'yan gidaje ƙalilan aka gina su. Bahaushen da ya ce da ɗan gari akan ci gari ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Maƙiyi yana iya cutar ka, amma ba zai ci amanarka ba, tunda ba ka ba shi ajiyar komai ba. Sai dai kusanci rabin maganar ne kawai. Ɗaya rabin, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne cewa marubutan nan ba sa hana maci amana hujjarsa.

A dubi jerin wasanni uku da Eskilus ya nuna a birnin Atina a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa, kan gidan sarki Agamemnon. An gudu da matar ɗan'uwansa zuwa birnin Turoyi, ya tara jiragen ruwan Girkawa don a je a ƙwato ta, iska ta ƙi ba su hanya, runduna ta fara lalacewa a bakin teku. Mai duba ya ce abar bautarsu ba za ta saki iskar ba sai sarki ya yanka 'yarsa Ifijiniya. In ya ƙi, ya yaudari ɗan'uwansa da dubban mayaƙan da suka bar gidajensu saboda shi. In ya yarda, ya yanka 'yar cikinsa. Ya zaɓi runduna. 'Yan amshin wasan sun ba da labarin yadda aka ɗaure wa yarinyar baki don kada ta tsine wa gidan ubanta. Bayan shekara goma ya dawo da nasara, har da ƙwarƙwarar da ya samu a ganima. Matarsa Kilitamnestira ta tarbe shi da daɗin baki, ta sa aka shimfiɗa masa jajayen yadudduka masu tsada ya taka daga keken dokinsa zuwa ƙofar fada, ta kai shi wanka, ta lulluɓe shi da mayafin da ya kasa fita daga ciki, ta sassare shi. Ba ta gudu ba, ba ta ɓoye ba. Ta tsaya a kan gawar tana ambaton 'yarta. To, wa ya ci amanar wa? Sai ga ɗansu Orestis, wanda al'adar mutanensa ta wajabta masa ɗaukar fansar uba, alhali mai kisan ita ce ta haife shi. Da ya zare takobi ta buɗe masa ƙirjin da ya tsotsa, hannunsa ya tsaya, har sai da ya juya ya tambayi abokinsa abin yi, sannan ya aikata. A wasa na uku Eskilus ya kai maganar gaban kotu, ya zaunar da mutanen Atina a matsayin masu yanke hukunci, ƙuri'unsu suka yi kunnen doki. Marubucin da ya tsara komai da hannunsa ya ƙi yarda 'yan Adam su iya raba wannan gardama, sai da ya sa abar bautar birnin ta rinjayar da ita.

Haka abin yake a *Medea* ta Yuripidis, wadda aka nuna a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa. Medeya ta yaudari ubanta, ta yi sanadin mutuwar ɗan'uwanta, duk don ta bi Jeson. Da suka zauna gudun hijira a birnin Korinti da 'ya'ya biyu, sai ya juya zai auri 'yar sarkin garin. Hujjarsa ita ce don ita da yaran yake yi, su samu gata da dangi a gidan sarauta, kuma duk wanda ya taɓa jin magidanci yana lallashin uwargida a kan ƙarin aure zai gane muryar. Ita kuwa ba ta da gidan da za ta yi yaji, domin ita da kanta ta rushe shi saboda mutumin nan. Ta halaka amarya da uban amarya da guba, ta kashe 'ya'yanta biyu don ta bar Jeson ba magaji, ta kuma tsere ba wanda ya hukunta ta. Alƙalan gasar shekarar sun ajiye Yuripidis a na uku cikin uku, mai yiwuwa abin ya yi musu ɗaci. Shi ma Burutus na wasan *Julius Caesar*, wanda Shekspiya ya rubuta a 1599, mutum ne da Kaisar ya yafe wa bayan ya yaƙe shi, ya ja shi jiki, amma ya sa hannu a kisansa a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa saboda tsoron kada jamhuriyar Rum ta koma mulkin mutum guda. Shekspiya ya ba shi daren rashin barci a lambunsa, ya kuma sa abokin gabarsa Antoni ya shaide shi da kyakkyawar niyya bayan mutuwarsa. Ba mamaki Julius Nyerere, yana kan mulkin Tanganyika, ya ga wasan ya cancanci ya mai da shi Swahili a 1963.

Mai ja da wannan magana zai ce, to Iyago fa? Wace amana ta biyu yake riƙe da ita? Gaskiyarsa ne, Iyago mugu ne ƙarara, kuma akwai wasannin da ba sa shiga wannan ma'auni sosai. Makbet ya san sarki Dankan danginsa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne a daren, ya lissafa duk wannan da bakinsa, kwaɗayin sarauta kawai ya rinjaye shi. Amma a *Othello* ya kamata a tambayi wanda Desdemona ta ba amanar kanta. Ba Iyago ta bar gidan ubanta dominsa ba, kuma ba hannunsa ne ya shaƙe ta ba. Otelo ya shiga ɗakin yana ganin kansa alƙali mai tsare mutunci da adalci, har yana tambayar ta ko ta yi addu'ar dare, wai don kada ya aika ta lahira ba shiri. Abin tsoron ke nan: yana cin amana mafi girma yana zaton riƙon amana yake yi. Sannan ga Emiliya, matar Iyago, mai yi wa Desdemona hidima, wadda masu sharhin jarrabawa kan wuce ta da sauri. Ɗan hankicin nan mai adon 'ya'yan itace, kyautar farko da Otelo ya ba matarsa, ya faɗi ƙasa. Emiliya ta tsince shi. Ta san uwar ɗakinta na ji da shi, ta kuma san mijinta ya daɗe yana roƙonta ta sato masa, ba ta san dalili ba. Ta miƙa masa don ta faranta masa rai. Daga baya tana tsaye Desdemona ke neman hankicin hankali tashe, ta ce ba ta san inda yake ba. Sai da ta ga gawa a kan gado ta gane abin da hannunta ya jawo, ta tona asirin mijinta a gaban jama'a yana umartar ta ta yi shiru ta tafi gida, ya soke ta. Ta saki uwar ɗaki don miji, ta dawo ta saki miji don uwar ɗaki, ta mutu a tsakani. Iyago tarko kawai ya ɗana. Masu ƙaunar Desdemona ne suka kai ta ciki.

Idan muka juyo gida, za mu ga rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa ya bi wata hanya dabam, kuma da dalilinsa. A makaranta aka haife shi, tun daga wasanni shida da Rupert East ya wallafa a shekarun 1930, da *Wasan Marafa* na Abubakar Tunau mai koyar da tsafta, sannan rediyo ta goya shi. Aikinsa gyara kayanka. Cin amana na nan birjik a ciki: a *Jatau na Kyallu* na Shu'aibu Maƙarfi attajiri ya ƙi jin shawara ya auri karuwa, gidansa ya watse, dukiya ta lalace, a *Uwar Gulma* na Mohammed Sada miji ne ke wulaƙanta matar da aka ba shi amana har magana ta kai gaban alƙali. Amma tun daga fitowa ta farko mai kallo ya san wane ne mai laifi, abin da yake jira kawai shi ne ranar da amana za ta ci wanda ya ci ta. Finafinan Kannywood da ake kallo a gidajen Lafiya da wayoyin matasanta sun gaji wannan tsari: kishiya ta je wurin boka, ɗan uba ya cinye gadon marayu, asiri ya tonu, a yi kuka a nemi gafara ko a haukace. Ba raina su nake yi ba, sun yi aikin da suka sa gaba, wasu ma da gwaninta. Wanda ya fi kusa da ban tausayi na gaske shi ne *Shaihu Umar*, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan dandamali aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. A can fadawa ne suka yi wa Makau, mijin uwar Umar, ƙulli a wurin sarki don hassada har aka kore shi, uwar kuma ta fita neman ɗanta aka yaudare ta aka sayar, ba ta sake ganinsa ba sai a bakin mutuwarta. Ba wanda ya biya ta wahalarta, wannan ya sa labarin ke da nauyi. Duk da haka maciya amanar ciki ba a ba su baki ba, hassada kawai aka ce, aka wuce.

Ja na biyu ya fi na farko ƙarfi. Za a ce waɗannan tatsuniyoyin masu bautar gumaka ne, waɗanda ba su san tawakkali ko tuba ba, kuma ba wa maci amana hujja tamkar wanke shi ne a idon yara. Musulmi yana da ƙissar Annabi Yusuf (AS), wadda ta ƙare da yafiya da haɗuwar iyali, Kirista ma ya san ta a nasa littafin. Me za a yi da wasan da ke ƙarewa da gawawwaki? Alƙur'ani ba wasa ba ne, kuma ba na kwatanta shi da aikin ɗan Adam. Amma mai wannan ja ya sake duba yadda ƙissar ta zo. An faɗa mana abin da ke cin 'yan'uwan a rai, wato ganin ubansu ya fi son Yusuf da ɗan'uwansa alhali su ne masu yawa da ƙarfi, abin da duk wanda ya tashi a gidan 'yan uba ya san zafinsa. An nuna ɗaya daga cikinsu yana hana kisa, yana ba da shawarar rijiya. An nuna babbansu, shekaru bayan haka, ya ƙi barin Masar don kunyar haɗa ido da uban da ya yi wa alkawari. Idanun Annabi Yaƙub (AS) sun yi fari don baƙin ciki kafin sauƙi ya zo. Bayyana dalilinsu bai wanke su ba, ya dai hana mai karatu ya ɗauka cewa shi ba zai taɓa zama ɗayansu ba. Ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu kuwa ba ta ƙare da sulhu ba. An bar mai kisan da gawar ɗan'uwansa da nadama, hankaka na koya masa binnewa. Batun baƙunta kuma, littafin nan na Aristotal an fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza ta hannun Abu Bishr Matta, wanda ya rasu a 940, Ibn Sina da Ibn Rushd duk sun yi masa sharhi. Malaman Musulunci sun riga mu ganin akwai abin ɗauka a ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tarihinmu cike yake da irin kayan da Eskilus zai yi murna da samu. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu. Shi da Sarki Abdullahi Maje Karofi da ya gada duk 'ya'yan Ibrahim Dabo ne, kuma a zamanin mulkinsa ya tuɓe 'ya'yan Abdullahi da dama daga sarautunsu don ya share wa ɗansa Tukur hanya. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba Tukur sarauta, ana cewa don jarumtar da ya nuna a yaƙin Argungu, alhali zukatan yawancin masu faɗa a ji na wurin Yusufu ɗan Abdullahi. Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin, ya san abin da naɗin zai haifar, amma shi manzo ne, ya naɗa wanda aka umarce shi. Ga amana biyu a hannu ɗaya tun kafin a zare takobi. Yusufu ya fita da 'yan'uwansa zuwa Takai, ƙasar Kano ta rabu Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu a 1894 bai shiga birni ba, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi tuta ya ci Kano a shekarar, Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka cim masa a Tafashiya a 1895, nan ajalinsa ya same shi. Tukur yana da naɗin Sarkin Musulmi, wanda bijire masa bijire wa tsarin daular ne gaba ɗaya. Yusufawa suna da zaluncin da aka yi wa gidansu da goyon bayan jama'a. Jikokin mutum guda ne. Aliyun da ya yi nasara kuma shekara tara kacal ya yi, Turawa suka ci Kano a 1903, ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja a 1926. Kafin wannan akwai Abdussalam, malamin Gimbana, almajirin Shehu Usmanu wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa na cikin abubuwan da suka kunna jihadi. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tawaye daga Kware yana ganin an tauye masa rabonsa, aka ci shi da yaƙi, ya rasu da raunuka a Bakura a 1818. Bello da kansa ya rubuta labarin a *Sard al-Kalam*, ya kuma sanya ƙorafe-ƙorafen Abdussalam a ciki. Wanda ya yi nasara ma bai hana abokin gabarsa baki ba.

Saura ja na ƙarshe, wanda ba na adabi ba ne, na zaman tare ne. Zuriyar waɗannan mutane suna nan da ransu, wasu a kan gadon sarauta, kuma wanda ya ɗora kakan wani a dandamali yana kashe ɗan'uwansa ya tsokano tsuliyar dodo. Wannan gaskiya ne, Girkawa ma sun gamu da shi. Herodotus ya ba da labarin wani marubuci mai suna Firinikus da ya yi wasa kan faɗuwar birnin Miletus a hannun Farisawa jim kaɗan bayan aukuwar abin. Masu kallo suka fashe da kuka, aka ci shi tarar dirakma 1,000 don ya fama musu ciwon da bai warke ba, aka hana sake nuna wasan. Yawancin wasannin da suka tsira har yau a kan gidajen tatsuniya na zamanin dā suke, shi ma Shekspiya ya kan kwashe rikicinsa ya kai Rum ko Benis ko tsohuwar Sikotlan. Nisa suka nema, na wuri ko na lokaci, kuma marubucin Lafiya yana da irin wannan nisa a hannu. Garin da Dunama da jama'arsa Barebari suka kafa a ƙarshen ƙarni na 18 Bauchi ya bi, ba shi da kaso a basasar Kano. Tun da ya zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, aka kuma buɗe masa jami'ar tarayya a 2011, ya tara masu kallo Eggon da Alago da Migili da Tibi da Fulani da Gwandara, waɗanda Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da tasha. Su Gwandara ma tarihin bakinsu cewa yake kakansu ɗan sarautar Kano ne da ya bar gida bayan saɓani da nasa. Irin wannan taro ba ya zuwa don ya kare kakan kowa. Ana iya sauya sunaye, Takai ta zama wani gari da ba ya kan taswira, waziri ya zama wani bafade mai ɗauke da takardar da bai yarda da abin da ke cikinta ba. Abin da ba za a taɓa ba shi ne a bar wa Tukur ɗin cikin wasan hujjarsa cikakkiya, a bar wa Yusufun tasa, kuma kada wani alƙali ko malami ya shigo a fitowa ta ƙarshe ya gaya wa masu kallo wanda ya yi gaskiya.